Sanfa Datta, Mai Kai Mu Male Ta Dawo Da Mu

Da an sallame sallar asuba, kafin a ɗora ruwan shayi, Sanfa takan zaga tsibirinmu gida-gida. Ba ta sallama irin ta mutane, daga bakin ƙofa take jefo tambaya: "Wa ya kwana yana tari a gidan nan? Tun daga masallaci nake jin sa." Daga nan ta biya ɗan asibitinmu ta ji ko akwai wanda likita ya ce sai Male, babban birni. In akwai, ta koma gida ta ɗaure jakarta, ta cusa lemun tsami a aljihu, ta gangara bakin gaɓa jiran jirgin ruwa. Haka take yi shekara da shekaru. Duk tsibirin Datta muke ce mata, wato Yaya, har waɗanda suka girme ta.

Ba likita ba ce, ko allura ba ta iya ba. Da gwamnati ta kawo inshorar lafiya, sai aka fara biya wa marar lafiya kuɗin jirgi zuwa babban asibiti da dawowa, shi da mai jinya mutum ɗaya. To a mai jinyar ake yin ta. Mazanmu suna teku, 'ya'yanmu suna otal-otal suna gyara wa baƙi gado. Sai ka ga tsoho ga ciwo, ga kujera biyu an biya, babu mai zama a ta biyun. Sanfa ce ta zauna a kujerar nan. Abin dariyar kuwa, 'yar masunci ce jikar masunci, amma jirgi bai taɓa barin gaɓa da ita ba tare da ta yi amai ba. Na ga marar lafiya da ƙarin ruwa a hannu yana shafa mata baya yana cewa, "Sannu Datta, mun kusa."

Amma ba rashin mai jinya kaɗai ke hana tsofaffinmu tafiya ba. Wanda ya mutu a Male, a Male ake binne shi, ran nan ran nan. Ba a ɗora gawa a jirgi a ƙetare teku da ita. Tsofaffinmu ba mutuwar suke tsoro ba, kabari a cikin baƙi suke tsoro, inda jika ba zai biyo ran Juma'a ya share ganye ya zuba farin yashi ba. Shi ya sa duk wanda Sanfa za ta raka, a bakin gaɓa take riƙe hannunsa ta ce, "Ni zan kai ka, ni zan dawo da kai."

Ni ma ta faɗa mini. Ƙodata ce ta gaza, kuma injin wankin jini babu shi a tsibirinmu. Na zo da niyyar wata guda, ga ni har yau a wani ɗaki a saman bene, a gidan ɗan ƙanena, taga tana kallon bangon maƙwabta, babura suna gurnani a ƙasa. Mijina yana kwance a bayan tsohon masallacinmu, ɗan farina a gefensa, kuma an bar mini wuri a tsakaninsu. Wurin nan nake tunani duk sanda aka jona ni da injin. Ina kewar gida, wallahi, kewar da ba ta sauka. Har hankakin da ke sace mana kifi a kan shanya ina kewarsu.

Zan ba da labarin Lahuttu, don rabinsa a idona aka yi. Tsohon shugaban jirgin kamun kifi ne, mai taurin kai irin na ƙarshe. Ciwon ciki ya cinye shi, ya ce ba inda za shi. Sanfa ta same shi a kujerar igiya ƙarƙashin kwakwa.

"Lahuttu, kai da ka shekara hamsin kana zagin teku, yau kai ke tsoron jirgi?"

"Ke mai amai a kan ruwan kwano ce za ki yi mini gori?"

"Na ji, ni mai amai ce. Tashi dai."

Ya tashi. Aka yi masa aiki a Male, ya ɗan ji sauƙi, sai ciwon ya dawo. Ina zuwa gaishe shi in an cire ni daga injin. Wata safiya likita ya duba shi, bai ƙara magani ba, bai rage ba, ya daɗe yana riƙe da hannunsa. Sanfa ta bi likitan waje. Da ta dawo ta fara naɗe tabarma.

Ɗansa Shifaz, wanda ya samu hutu da ƙyar daga otal, ya tare ƙofa. "Datta, ina za ki kai shi? Bappa, mahaifina, yana numfashi. A nan akwai iskar kwalba ta numfashi, akwai likitoci. A gida me ke akwai?"

"Uwarka," in ji ta. "Tana kwance a bayan masallaci."

"Kina so in ɗauke shi daga asibiti da hannuna?"

"Ɗana, kujerar jirgin nan ta mai rai ce. Yau zai iya zama a kanta. Jibi ban sani ba. Kar ka tambaye ni, shi ka tambaya."

Shifaz ya durƙusa a bakin gadon. Tsohon bai buɗe ido ba, cewa ya yi, "Iskar yau daga ina take?" Aka ce daga yamma. Ya ce, "To me kuke jira?"

Waɗanda ke cikin jirgin sun ce da aka hango kawunan kwakwar tsibirinmu, ya sa aka tada shi zaune, yana ta yi wa matuƙin faɗa wai bai iya shiga mashigi ba. Ya sha romon kifi da lemun tsami a tsakar gidansa. Bai kai Juma'a ba. Shifaz da kansa ya gaya mini cewa ya yi wata biyu ba ya gaida Sanfa, sai ranar da ya je zuba wa kabarin yashi ya zarce gidanta ya zauna a ƙofa, ya gaishe ta.

Ke ce wannan, Datta. Ke kika kwana a kan benci a asibiti har ma'aikata suka ɗauka albashi ake ba ki. Ke kika wanke tsofaffin da ba ki haɗa jini da su ba, kika sha zagi daga 'ya'yan da suka ga kamar kin yi gaggawa. Ba duka kika dawo da su ba, na sani. Akwai waɗanda ajali ya riga ki gare su, kuma duk zuwanki Male sai kin biya maƙabarta kin gaishe su da sunansu da sunan gidansu. Uwar marasa rakiya, Allah ya saka miki.

Ni kuma duk zuwanki sai kin hau benen nan kina haki, da kwalbar rihakuru, kakkauran romon kifinmu da likita ya hana ni. Kya ce, "Lasa kawai, Havva, ban ce ki sha ba." Sannan ki zazzage mini labari: wa ya haihu, wa ya sake rufin ɗaki, ina teku ta ci gaɓa. Da bakinki nake ganin gida.

Yanzu gwiwar Sanfa ta ƙi, an ce ta ajiye rakiya. Ku 'yan matan tsibirinmu da samari, kujerar nan ta biyu tana nan, an riga an biya. Ba a neman ilimi a wurinku. Mutum ake nema wanda zai zauna, ya riƙe hannu, ya kuma gane ranar da ya kamata a juya gida. Wani ya tashi ya zauna, don Allah.

Makon jiya ta zo zuwanta na ƙarshe, wannan karon ita ce marar lafiyar, an duba mata gwiwa. Ba ta iya hawa benen ba, ni na sauko. Na raka ta bakin jirgi, muna tafe muna dogara juna kamar tsofaffin kaji. Na yi niyyar in yi shiru, bakina ya ƙi.

"Datta, to ni fa?"

Ta harare ni. "Ke me?"

"Kin ajiye. Wa zai mai da ni?"

"Likita ya ce kar in ƙara hawa jirgi. Na ce masa na ji, amma saura tafiya ɗaya, akwai ƙanwata da na bari a saman bene." Ta gyara mini mayafi. "Ranar da kika ga likitanki ya riƙe hannunki ya daɗe, ki sa a kira ni. Ko a kujera ne za a ɗauko ni. Amma kar ki yi sauri, Havva. Gwiwar nan tana son hutu."

Na ce to. Aka kama ta aka shigar da ita, ta zaro lemun tsaminta tun jirgin bai motsa ba. Na tsaya har suka fita mashigi, suka juya arewa, wajen gida. Sannan na koma, don washegari da safe akwai injin.