Zaitun Uku a Cikin Waya

"Tsohuwa da sandarta da buhunta, ka tare mata ƙofa kamar sojan kan iyaka! Ko kunya ba ka ji ba?"

"Rage murya, Zuhur, mai wurin yana ciki."

"Ya ji mana! Aladun daji na cinye mata zaitun, kai kana gadinsu. Sannu da aiki, sarkin aladu!"

Lamfaddal na kishingiɗe bayan azahar. Bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin Layashi mai gadinsa, kuma bangon ba ya riƙe magana. Ya ji Layashi na cewa shi fa umarni aka ba shi, ya ji matarsa Zuhur ta ja tsaki, sannan ƙarar murfin tukunya. Barci bai sake kusantarsa ba.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran injin motocin haya a birnin Tanja. Da hannuwansa suka fara rawa sai ya sallama garejin, ya sayi wannan tudu da ke bayan ƙauyensu, kusa da Wazzan. Ya kewaye shi da waya, ya gina kwamin ruwa don tsuntsaye, ya hana harbi. Cikin shekara biyu makwarwa ta dawo, zomaye suka cika gindin itatuwa. Ranar Lahadi 'ya'yansa kan zo su gasa nama, jikoki su yi ta bin bushiya. Abokai kuwa sai yabo: ga mutum mai tausayin dabba. Yana jin daɗin yabon fiye da yadda yake nunawa.

Sai dai a tsakiyar tudun akwai tsofaffin bishiyoyin zaitun uku, kuma ba nasa ba ne. A tsaunukan nan ƙasa kan zama ta wani, bishiyar da ke kanta ta wani, har a yi ta gadonta. Kowa a ƙauyen ya san ukun nan na Gwaggo Rahma ne, daga kakanta suka faro. Magadan da suka sayar masa da tudun kuwa, a ƙasar Sifen suka tashi, ba su san komai ba. Ranar rubuta takarda malamin shaida ya ɗago kai ya ce, "Akwai haƙƙin wani a ciki?" Lamfaddal ya zuba wa kofin shayinsa ido har malamin ya ci gaba da rubutu.

Ya sha gaya wa kansa cewa don makwarwa ya yi shiru, wai masu kakkaɓar zaitun za su kore ta. Bai taɓa yarda da wannan dalili har zuciya ba. Ubansa Hammu noman masu tudun nan ya yi, ana ba shi kashi ɗaya bisa biyar na amfanin, har ya mutu, shi kuma yana biye da shi ba takalmi. Duk lokacin matsar man zaitun Gwaggo Rahma kan kira shi a gaban sauran mata, ta tsoma burodi a sabon mai ta miƙa masa, ta ce, "Ci, ɗan Hammu, wuyanka kamar zare." Ba ta taɓa yi masa sharri ba. Burodin ne ya kasa yafewa. Ita kaɗai ta rage da ke tuna wancan yaro, kuma bai so ta riƙa ratsa filinsa tana kallonsa da idon da.

Bara ya aika mata jarkar man zaitun daga birni. Ta dawo da ita ko buɗewa ba ta yi ba.

Ya zura takalmi ya haura wajen bishiyoyin. Biyu sun riga sun zubar, aladu sun tone gindinsu, ƙwallaye baƙaƙe a cikin laka. Ta ukun tana nan da 'ya'yanta, amma ba za su kai mako ba. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya koma ya zare makullin ƙofar waya daga ƙusa, ya gangara ƙauye.

Ya same ta a bakin ƙofa tana tsince alkama a faranti.

"Wa nake gani? Ɗan Hammu! Ka yi tumbi, wallahi. Ya 'yan uwanka aladu?"

"Lafiya lau, Gwaggo."

"Madalla. Sun fi ni gata. Shigo ka sha shayi. Mai dai babu, ka ci burodinka gaya."

Bai shiga ba. Tun daga kan tudu yake shirya abin da zai faɗa: cewa ya sani tun ranar ciniki, cewa an tambaye shi ya yi shiru. Maganar ta zo har maƙogwaro. Sai ya ga tana duban wuyansa, yadda ta saba, tana murmushi da haƙoranta uku.

Ya sunkuya ya ajiye makullin a gefen farantin.

"Ɗaya ta rage, Gwaggo, ki sa a kakkaɓe miki," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Amma ki zo ranar Talata. Ranar ba na nan."