Hanon Dutsen Iya Dije

Tashi daga Kusfa

Ana idar da sallar asuba ranar Laraba muka fito daga unguwarmu Kusfa, ni da Malam Tanimu direba, cikin kitika, wato ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya, wadda wani ɗan kasuwan unguwarmu ya ara mana. Zamanin En'e ne, ina da shagon hoto a bakin kasuwar birni. Na rungume akwatin hoto a cinya, gilasan da ake ɗaukar hoton a kansu kuwa na naɗe su cikin tsohon zane.

Iya Dije ce dalilin tafiyar, matar da ta goye ni bayan rasuwar uwata. Tana yarinya iyayenta suka taso da ita daga wani ƙauyen dutse bayan Pambeguwa, ba ta sake komawa ba. Tun da damina take kwance, ta daina cin abin kirki. Wata rana ta ce mini, "Ɗanlami, da kaka itatuwan hano na dutsenmu sukan koma kamar an zuba musu zinariya. Kai da kake ɗaukar fuskokin mutane, ba ka ɗauko mini su in gani?" Na dubi wuyanta yadda ya rame, na san ba ta da wata kakar.

Soba

Da hantsi muka tarar da shinge a Soba. Ruwan ƙarshe ya sauka da dare, dokar kuwa ita ce ba motar da za ta hau hanyar jar ƙasa sai ta bushe. Ni mutum ne mai garaje, na sauko ina faɗa. Mai shinge ya saurare ni har na gaji, ya ce, "Malam, ko Razdan ne sai ya jira rana."

Muna shan fura a gindin ɗorawa sai ga wani mai keke daga can wajen. Da ya ji inda za mu, ya ce, "To ku yi sauri. An gama kwashe amfanin gona, gobe sarkin baka zai sa wa dajin dutsen wuta." Na ajiye furar. Ba a ɗaga shingen ba sai bayan azahar.

Pambeguwa

Mun isa da magariba, mun sha turin mota a wurare biyu. Wani malamin auduga ya sauke mu a zaurensa, aka kawo tuwon sabuwar dawa da miyar kuɓewa. Tanimu ya ci har ya nemi ƙari, ni kuwa na kasa. Na ce wa Tanimu mu wuce yanzu. Ya ce, "Mai hoto, fitila ɗaya ke gare ni, motar ma aro ce. Ka ci tuwo."

Gindin dutse

Alhamis gari na wayewa muka bar babbar hanya muka bi turbar jakuna. A wani rafi motar ta kafe, muka bar ta, na saɓa akwati, Tanimu ya ɗauki ƙafafun akwatin. Muna fita daga kurmi na ga dutsen. Iya ba ta yi ƙari ba. Tun daga ƙugunsa har sama hano ne, jikinsu fari, ganyen rawaya, rana tana haska su. Sai da na ji ƙwalla.

A gindinsa maharba sun jeru da karnuka da bakin wuta a hannu. Na durƙusa na gai da sarkin baka, na faɗa masa buƙatata. Ya ce, "Ɗana, ƙauye uku suka sa wannan rana, na bayan dutse ma sun riga sun kunna. In muka jira, naman duk ta nan zai tsere. Ka ga falalen can? Wuta ba ta cin dutse. Hau ka yi abin da za ka yi."

Muka hau da gudu. Kafin in kafa ƙafafun akwatin hayaƙi ya fara leƙowa ta bayan dutse. Na sa kaina cikin baƙin ƙyalle, ba na ganin komai sai itatuwa a kife kamar yadda akwatin ke nuna su, ina jin ciyawa tana ƙara tas-tas, tana matsowa. Tanimu ya fizge zanen gilasan, ya jiƙa da ruwan gora ya toshe hanci. Gilashin farko ya zame ya fashe. Na sa na biyu.

"Mai hoto, zomaye ma sun wuce mu."

"Tsaya iska ta kau da hayaƙin."

Ta kau da shi na ɗan lokaci, na ɗauka. Zanen ya jiƙe, don haka na yagi ganyen hano cike da hannu na cusa cikin akwati, kada gilashin ya girgiza a hanya. Muka zauna tsakiyar falalen, wuta ta wuce ta dama da hagu. Da muka sauko ba sauran rawaya a dutsen.

Komawa gida

Maharba suka taya mu fid da mota, muka sake kwana Pambeguwa, muka shigo birni Juma'a da la'asar. Duk hanya tsorona ɗaya, kada in tarar da tabarmi a ƙofar gida. Babu. Na wanke hoton a shago, ya fito sarai, na zarce da shi da akwatin wurin Iya.

Iya ta kai shi kusa da ido, ta daɗe. Ta ce, "Dutsen ne. Amma wa ya zuba musu toka?" Baƙi da fari kaɗai hotona ya sani, kuma na san haka tun kafin in tashi, zafin nema ya hana ni tunawa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na ja akwatin zan fita, murfin ya buɗe, ganyen ya zube a tabarma. Ta ce, "Miƙo." Ta murza ɗaya, ta shinshina, ta rufe ido. Can ta miƙo mini hoton, ta tattara ganyen a ƙirjinta, ta ce a dama mata kunu.

Ta rasu kafin sanyi ya fita, ganyen na ƙarƙashin matashinta. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Malam Tanimu da ya ƙwace mini zanen nan.