Dutsen Iyaka a Inda Ruwa Ke Rabuwa

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwar Sri Petaling, a ƙasar da muka zo karatu, mu uku 'yan ajin safiyo, da ƙunshin nasi lemak, shinkafar kwakwa ta mutanen nan, a jaka. Malaminmu ya ce kowane rukuni ya nemo alamar awo ta zamanin Turawa ya ɗauko hotonta, in babu hoto babu maki. Sauran 'yan aji sun zaɓi na cikin gari. Ni na jawo mana aiki, don a laburare na ga tsohuwar taswira mai nuna dutsen iyakar jihohin Selangor da Pahang.

Jirgin ƙasa na LRT ya kai mu Gombak, muka ɗauki mota zuwa gindin tudu. Direban, wani dattijo, ya dubi takalmanmu ya yi dariya.

Mu 'yan Arewa mun saba alama a fili take, daga nesa ka hango ta. Nan kuwa daji ya rufe sama, matsattsaku suna hawa safa. Wayar da muka dogara da ita ta rikice, ta nuna wai muna tsakiyar kogi. Har azahar ba mu ga komai ba.

"Ustaz, ka kashe mu lah," in ji abokina ɗan Kano, da "lah" ɗin da ya kwaikwaya a bakin 'yan gari. "Wa ya aike ka laburare? Mu koma."

Sai na tuna abin da na karanta: masu awon zamanin da, doron tudu suka bi, inda ruwan sama ke rabuwa biyu. Na ce, a hankali, mu bar wayar mu hau sama. A can na tsiyaya ruwan gorata, rabi ya gangara gabas, rabi yamma. Muka bi doron, ba a jima ba ƙafata ta bugi wani abu mai kusurwa huɗu. Na kankare gansakuka da cokalin nasi lemak, sai ga lamba a sassaƙe, tsaf.

Na daɗe a tsugune. Mutane ne suka hau nan da sarƙar awo a kafaɗa, 'yan ƙasa suna sare musu hanya, ba wanda ya rubuta sunayensu, amma dutsen yana daidai inda takarda ta ce.

Mun iso gida bayan la'asar, jini a safa, hoto a waya. Na koyi cewa aikin da aka yi da kyau yana jiran mai nemansa. Ɗan Kano kuwa har yau bai ce na yi gaskiya ba, sai dai shi ya saya mana shayi a mamak, shagon cin abinci na unguwarmu.