Yadda Wan Mijina Ya Gyara Mini Kwamfuta

A gidan su maigidana kowa da abin da aka san shi da shi. Akwai manomin masara, akwai mai jan mota tsakanin Tudun Wada da Doguwa, sai kuma babban wansu, wanda ba a san shi da komai ba sai sani. Dillancin hatsi yake taɓawa ranar kasuwa, amma ya taɓa zuwa Kano koyon kwamfuta na ɗan lokaci, aka ba shi takarda, ya saka ta a gilashi ya rataye a zaure. Tun daga nan ya hana kowa sakat. Injiniya ake ce masa, wasu da gaske, wasu da gatse, shi kuwa bai taɓa gane bambancin ba.

A lokacin ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata, ina kuma ƙaro karatu idan an yi hutu. Saboda aikin kammalawa na sayi laftof ta hannu. Ta yi mini biyayya har bazara ta shigo, sannan ta fara halin tsiya. Ina cikin rubutu sai ta sandare, kibiyar da ke kan allon ta ƙi motsi. Wani lokacin fankarta ta ɗauki ƙugi kamar injin niƙa, gefen hagunta ya yi zafin da ba a iya ɗora hannu. Daga nan sai allon ya rikiɗe ya koma shuɗi, ya rubuto gargaɗi da Turanci, ta mutu, ta sake tashi da kanta.

Na ɗauki hoton gargaɗin da wayata na bincika. Abin da na fahimta shi ne matsalar ba ta manhaja ba ce, ƙarfen cikin ne ke kuka, musamman furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar. Na kuma lura da safe, kafin rana ta buɗe, lafiya lau take aiki. Da zarar kwanon ɗaki ya ɗau zafi, ko na buɗe abubuwa da yawa, sai ta fara. Na daina ɗora ta kan katifa, na sa mata 'yan katakai a ƙasa don iska ta ratsa, abin ya ragu amma bai daina ba. Sai na kwafe aikin makarantata a filasha, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, na ƙudura cewa da an ba mu hutu zan kai ta Kano a buɗe ta.

Maigidana ne ya yi suɓutar baki a majalisarsu. Washegari da hantsi sai ga sallamar Yaya, babban wan nasu, da tabaransa wanda ba na ciwon ido ba ne, na ado ne. Na shimfiɗa masa tabarma, na durƙusa na gaishe shi, na kawo ruwa.

Ya ce, “Ashe kwamfutarki ba lafiya, ina garin nan ba a faɗa mini ba?”

Na ce, “Yaya, ban so in ɗora maka wahala ba ne. Zafi take yi, kuma gargaɗin da take nunawa na furosesa ne.”

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya dubi ƙaninsa. “Ka ji mata. Furosesa! Ke kin san furosesa kuwa? Bairos ne, cutar kwamfuta. Kawo ta.”

Na nuna masa hoton gargaɗin. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, yana motsa leɓe, ya daɗe a layin farko. Sai ya miƙo mini ya ce, “Ai shi ne. Haka bairos yake rubutawa don ya ruɗa wanda bai sani ba.”

Ban taɓa jin ɓarawon da ke barin wasiƙa ba, amma matar ƙani ba ta musu da wan miji a kan tabarmarta. Na ce, “Don Allah Yaya, dubawa kawai. Akwai abubuwan da ban kwafe ba.” Ya ce in kwantar da hankalina, ya saɓa ta a hammata kamar allon karatu, ya fita.

Abubuwan nan da nake nufi muryar kakata ce. Mu mutanen Bebeji ne, amma asalin ƙauyenmu yana ƙarƙashin ruwan madatsar Tiga. Duk zuwan da na yi gida nakan zaunar da tsohuwar ta ba ni labarin garin: inda rijiya take, inda ake shanya daddawa, sunayen unguwanni, waƙar da suke yi in za su ɗebo ruwa, da yadda aka kwashe su a motoci tana rungume da turminta. Na tara muryoyin nan da hotuna masu yawa, sun fi ƙarfin filashata, shi ya sa suke cikin laftof ɗin.

Ta daɗe a wajensa. Labari ya iso mini cewa kullum da yamma tana kan benci a ƙofar gidansa, ana kallon kokawa da ita, idan ta mutu ya ce wa jama'a gwaji yake yi. Ranar da ya dawo da ita fuskarsa har sheƙi take.

Ya ce, “Na yi mata fomatin. Na wanke ta tas, ta koma sabuwa.”

Na kunna. Babu komai. Ya sa hotonsa a fuskar allon, yana zaune a kan buhunan masara, hannu a haɓa. Na shiga inda muryoyin suke, wayam.

Na ce, “Yaya, ina abubuwan da ke ciki?”

“Ai a cikinsu bairos ɗin yake ɓuya. Wasu surutai ne na wata tsohuwa, na saurara, ba wani abin kirki.”

Bai rufe baki ba fanka ta ɗauki ƙuginta, allon ya koma shuɗi, gargaɗin nan dai ya fito a kan hotonsa, harafi bai canza ba. Ya gyara zaman tabarau ya ce, “To, wannan saura ne.”

Na tashi na shige ɗaka don kada bakina ya jawo mini abin da za a tara dangi a kansa. Kakata tana raye a lokacin, amma tsufa ya riga ya cinye mata tunani, ko ni ba ta ganewa. Maigidana ya biyo ni yana cewa in yi haƙuri, Yaya bai yi da mugun nufi ba. Na ce masa na sani. Mugunta ai tana buƙatar tunani.

Na ɓoye laftof ɗin a ƙasan akwati. Sai Yaya ya kai ƙara wajen Inna, uwar mijina, wai na raina iliminsa, na hana shi ƙarasa aikin da ya fara. Wata rana ina makaranta Inna ta aiko, maigidana kuma ya buɗe akwatin ya miƙa. Har yau idan zancen ya taso sai ya sunkuyar da kai.

Wannan karon Yaya ya zo da sabon bincike. Ya tara mutane ya sanar da su cewa ya gano ciwon: zafi ne yake damun furosesa. Maganata ce da ya yi wa dariya, ya wanke ta ya sa mata hula. Da ya tsaya a nan da na yafe masa satar. Amma akwai wani abokinsa mai sayar da ƙanƙara a bakin tasha, yana da firiza mai aiki da sola. Can ya kai ta, ya kwantar da ita a kan ledojin ƙanƙara, ya rufe, ya tafi kasuwa cinikin masara. Da la'asar ya fito da ita cikin zafin nan, tana naso kamar randa, ruwa na bin maɓallanta, ya jona caja a gaban jama'a ya danna. Waɗanda ke wurin sun ce ta yi ƙyas, wani ɗan wari ya tashi, shi ke nan.

Da kansa ya kawo gawar, ko kunya babu. Ya ce, “Wanda ya sayar miki da ita ya cuce ki. Dama ajalinta ya zo. Da ba don ni ba ma da ba ta kai haka ba.”

Na ce, “Gaskiya ne, Yaya. Da ba don kai ba da ba ta kai haka ba.”

Ya gyaɗa kai, ya ji daɗi.

Da aka yi hutu na kai ta Kano duk da haka. Mai gyaran ya kwance ta, ya nuna mini fankar a cushe da ƙura da ƙaiƙayi, man da ake shafa wa furosesa don ya sha zafi kuma ya bushe kamar tsohuwar laka. Ya ce da wannan kaɗai ne, share ta za a yi a sake man. Sai ya juyo faifan cikin, duk ya yi tsatsa, wani wuri ya ƙone, ya tambaye ni ko a rafi ta faɗa. Na ce a'a, hannun injiniya ta faɗa. Ya gwada ceto muryoyin daga ma'ajiyar, aka samu guntu ɗaya, kakata tana tari tana cewa a matso mata da buta. Sauran kuwa, finafinan kokawa sun hau kansu, sun shafe su.

Aikin makarantata na ƙarasa shi a kwamfutar wata abokiyar aikina 'yar Kiru. Daga baya na sayi wata laftof ɗin, a makaranta take kwana, ba ta taɓa taka gidanmu ba. Kakata ta rasu da daminar da ta biyo baya. Yaya ya zo ta'aziyya Bebeji, ya zauna a sahun gaba, har ya karɓi lasifikar masu addu'a wai zai daidaita mata murya. Ina daga cikin gida na ji ta yi ƙara ta ɗauke, aka ƙarasa addu'ar da baki.