Taguwar Sakaina

A zamanin da muke zaune a Gure, tun mota ba ta zama abin gani kullum ba, kowane yaro a unguwarmu yana da garkensa a gindin katanga: shanun laka, awakin kara, raƙuman ƙwallon goruba. Ɗana na fari ne kaɗai ba shi da ko akuya, don ni ƴar birnin Damagaram ce, aure ya kawo ni, abin da na sani game da raƙumi bai wuce kauce masa a hanya ba. Kullum yaron nan shi ake sawa ya shayar da dabbobin wasu, ina leƙe raina yana ɓaci.

Ranar da ƙwaryar nonona ta fashe, na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na zauna yi masa taguwa, wato raƙuma: na feƙe sakaina biyu na haɗa ciki, na cusa tsumman tsohon zane ya zama tozo, ƙafafu na kara, wuya kuwa mariƙin karyayyen ludayi. Ido ne ban yi mata ba, gudun kada gobe kiyama a ce in hura mata rai. Da na duba sai na ga jikin ya yi fili. Na tuna wani zane mai kyau da nake gani a cinyar raƙuma a bakin rijiya, na sa wuƙa a wuta na ƙona mata shi, har ina yaba hannuna.

Yaro ya fita da taguwarsa da hantsi, ya dawo hannu rabbana yana shessheƙa. Ɗan maƙwabta ya karɓe, wai tasu ce.

Na ja mayafi na tafi, faɗa fal bakina. Kakan ɗan maƙwabtan, wani tsohon makiyayi, ya juya ta a hannu, ya daɗe yana kallon cinyar. Ashe abin da na ɗauka ado, shaidar gidansu ce tun kakanni.

Ya ce, "Ƴata, duk dabbar da ke ɗauke da wannan, ko makauniya ce irin wannan, tamu ce."

Matan gidan suna ta ƙyaƙyatawa a bayan zana. Na sassauta murya na ce to Baba, ɗana fa? Ya gyara zama kamar alƙali, ya yanke: taguwa tasu, kiwo na ɗana, in ta haihu abin da ta haifa nasa ne, kamar yadda ake yi.

Kafin la'asar taguwa ta haihu a hannuna, ɗan raƙumi mai cikin tandu da ƙafafun kara. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya daɗe yana cigiyar tandun tabarsa.