Dabo Mai Sikeli da Gwangwanin Furensa

Dabo mutumin Durun ne. Na san shi a rumfar Alhaji Dalhatu mai sayen gyaɗa a Gwarzo, ina dako, shi yana kan sikeli. Kafin nan ya yi aikin lambu a gidan wani Bature, a can ya kwaso ɗabi'ar da ta ja masa.

Kullum da safe sai ya zo da furen rawaya ko na tumfafiya, ya zuba ruwa a wani tsohon gwangwani. Bakin gwangwanin da faɗi, fure ba ya tsayuwa a ciki. Sai ya nannaɗe ganyen kalgo ya cusa har su matse, ya soka karan furen a tsakaninsu, su tsaya cak. Ya ajiye a gefen sikeli, ya kama aiki.

Ban yarda da abin ba. Ƙato da gemu, me zai yi da fure? Na tambaye shi, ya ce, "Kyau yake mini. Ganyen kuma riƙe su yake, kada su kwanta."

Ni magana ba ta cika mini ciki, don haka na sa masa ido. Kaka guda ina kallon hannunsa da ƙafarsa, ban ga ya taɓa sikeli inda bai kamata ba.

Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, gyaɗa ba ta yi ƙwaya ba. Buhu ya cika, a ɗora, ba nauyi. Nan manoman ƙauyen Kara suka fara kallon gwangwanin. A wajenmu, ganye a naɗe cikin ruwa magani ne. Ga kuma tumfafiya, wadda ba a rasa ta a kayan boka.

Ranar kasuwa wani Musbahu ya sauke jakinsa ya ce, "Malam Dabo, wa ya haɗa maka wannan?"

"Ni na haɗa."

"To, aljanin da ke ciki, gyaɗa yake ci ko tuwo?"

Aka yi dariya, ban da Musbahu. Ya sa hannu ya zaro ganyen ɗaya bayan ɗaya yana warwarewa. Ba laya, ba rubutu. Furen suka kwanta a bakin gwangwani.

Dabo ya ce, "Ka gani? Abin da ganyen ke yi ke nan."

"Na gani. Ina cirewa suka faɗi. Asiri ya karye."

Manoman suka ja jakunansu zuwa rumfar gaba. Washegari ma ba wanda ya tsaya wajenmu.

Alhaji ya kira Dabo ya ce ya yar da gwangwanin. Ya yar. Bai yi amfani ba, sai aka ce ai ya mayar da ganyen cikin aljihu. Na faɗa wa Alhaji abin da idona ya gani. Ya ce, "Na ji, amma ba kai ke kawo mini gyaɗa ba."

Ya sallami Dabo kafin Juma'a, ya ɗora ɗan ƙanensa a kan sikeli. Manoma suka dawo. Gyaɗar ba ta ƙara nauyi ba, na sani don a bayana take hawa, amma ba wanda ya sake ƙorafi.

Dabo ya koma Masanawa wajen dangin matarsa, ya kama noman rani a bakin rafi, albasa da tumatir. Ba mai sayen gyaɗar da ya sake ɗaukarsa aiki, daga Gwarzo har Kabo.