Maganin da Ƙasa ta Sha

Jiya jikata ta ɓarar da maganin tari a tsakar ɗaki. Ya kwanta a kan siminti yana sheƙi, bai je ko'ina ba. Ban san lokacin da na durƙusa da auduga ina tsane shi ina matsewa cikin kofi ba, ni da ko ruku'u sai da dabara.

Ina ƙarama, a ƙauyenmu na gefen Birchi, tarin shiƙa ya kama ƙanena da bazara. In ya fara, sai idanunsa sun firfito, numfashi ya ɗauke, mu yi ta salati har ya dawo. Sassaƙe da rubutu babu wanda ba a ba shi ba. Da abin ya ci tura, Baba ya kama hanyar Dutsin-Ma a ƙasa, wurin malamin asibiti, shi da bai yarda da maganin Bature ba ko kaɗan.

Sai la'asar ya dawo, leɓe a bushe, da 'yar kwalba a hannu. Ko aljihu bai yarda ya sa ta ba. Kun san turken akuya? Shi ya harɗe shi a tsakar gida. Kwalbar ta daki dutsen niƙa ta fashe.

Ƙasar bazara ba ta da kunya. Muna kallo ta shanye jan ruwan nan tas, sai ɗan duhu kamar faɗin faifai. Inna ta ɗora hannu a ka. Baba ya zauna daɓas yana shafa wurin, kuma ranar na fara ganin hawayensa. Tsoro ya kama ni fiye da na tarin.

Kakarmu ce ta daka mana tsawa. "Kada wanda ya taka wurin nan! Ke, ɗauko mani ƙwaryar toka."

Tsohuwar ƙwarya ce mai huji, wadda take tace ruwan toka da ita don miya. Ta tsince ɓarɓashin kwalbar ɗaya bayan ɗaya har yatsunta suka yi jini, ta kankare ƙasar da ludayi, ta shimfiɗa tsumma a ƙwaryar ta zuba. Ta ɗan yayyafa ruwa, ta ce in tara kasko a ƙasa.

Baba ya ce wa Kaka, "Inna, wannan ai laka ce."

"Abin da ƙasa ta sha yanzun nan bai kai cikinta ba. Sai ta maido shi."

Haka na riƙe kaskon, ruwa na ɗiga ɗis, ɗis, ƙanena na shiƙa a ɗaki. Abin da ya taru ja-ja ne, da ɗan ƙanshin maganin. Kaka ta sake tacewa, ta ɗura masa. Ya yi barci, muka ce an dace.

Bai kai Juma'a ba. Da maza suka dawo daga maƙabarta, na ji Kaka tana cewa a hankali, "Na ƙwace wa ƙasa magani, ta zo ta ɗauki mai shan."

Ramin da ludayinta ya bari, Baba bai bari an cike shi ba. Kewaye shi yake yi har ya bar duniya.

Yanzu kemis na bakin layinmu. Surukata ta same ni durƙushe ta ce, "Haba Hajiya, a bar shi mana, a sayo wani." Gaskiyarta. Na ce to, amma ban tashi ba sai da na tsane shi kaf.